Zobon wa ya fi? Yadda za ki shirya daren ɗanɗanon ɓoye da ƙawayenki

A gidanmu an daɗe da yanke hukunci cewa babu zobo irin na Gwaggo. Ko suna ake yi ko walima, da an ga farar kular nan tata ta shigo, yabo ya fara ke nan tun kofi bai kai baki ba. Ni ma da haka na tashi, kuma har yau ina son zobonta. Amma wata shekara, washegarin babbar salla, kuloli suka cakuɗe a kicin, yara suka juye na amaryar ƙanina a jug ɗin da aka saba zuba na Gwaggo. Ina zaune manyan mata suka sha suna cewa, "Kai, hannun Gwaggo daban ne." Amarya tana gefe tana yanka albasa. Ta ji komai, ba ta ɗago kai ba.

Abin ya tsaya mini a rai har na kwana da shi. Matan nan ba ƙarya suka yi ba, abin da suka ji a bakinsu suka faɗa. Sai dai ido da suna sun riga harshe isa wurin. Daga nan na fara shirya abin da muke kira ɗanɗanon ɓoye: a tara ƙawaye da 'yan'uwa, a ɓoye sunan mai kowane abin sha, a ɗanɗana shi zalla, sannan a sake ɗanɗana shi da abincin da aka dafa dominsa.

Dabarar asalinta ta Turawa ce masu sana'ar giyar inabi. Mu giya haramun ce gare mu, ba ta shiga gidajenmu, amma abin da suka gano game da harshen ɗan Adam ya shafi kowane kofi. Ranar 24 ga Mayu 1976, wani Baturen Ingila mai shagon giya a birnin Faris, Steven Spurrier, ya tara alƙalai 9 'yan Faransa, ya jera musu giyar ƙasarsu da ta jihar Kalifoniya ta Amurka ba tare da sun san wacce ce wacce ba. A lokacin duniya ta sallama cewa Faransa ba ta da na biyu a wannan fanni. Da aka tattara maki, ta Kalifoniya ce ta zo ta ɗaya, a ɓangaren farar giya da na jar giya duka. Ɗaya daga cikin alƙalan, Odette Kahn, har ta nemi a maido mata da takardarta. A 2001 kuma, a Jami'ar Bordeaux, Frédéric Brochet da abokan aikinsa suka ɗiga wa farar giya jan launi marar ƙamshi, suka ba ɗalibai 54 masu karatun wannan sana'a su sansana. Sai ga su suna siffanta ta da kalmomin da ake siffanta ja. Idan launi kaɗai ya iya karkatar da hancin mai karatun abin, ina ga farar kular Gwaggo?

Tsaya a kan tambaya ɗaya

Kuskuren farko da ake yi shi ne a jera zobo da kunun aya da lemon citta da fura, a ce wanne ya fi daɗi. Kowacce abin da ta saba so za ta zaɓa, ba a koyi komai ba. Ki tsaya a kan iri ɗaya. Ni zobo nake ba da shawara a fara da shi: ba shi da tsada, yana kwana a firji ba ya canzawa, kuma hanyoyin haɗa shi ba su ƙirguwa. Kunun aya kuwa da zafin garinmu ya taɓa shi na 'yan sa'o'i ya fara tsami, sai ki tarar kina hukunta wadda ta fi nisan gida maimakon wadda ta kasa haɗi. Zobo kuma abu ne da ya kamata mu fi kowa saninsa. Jigawa na cikin manyan masu noma shi, daga kasuwanni irin na Maigatari ake lodinsa har ƙasar Meksiko. 'Yan'uwanmu na Nijar suna ce masa bisaf, a Gana sobolo, a Sudan karkade, a Kamaru folere, kowa da salon haɗinsa.

Hanya biyu ce. Ko dai kowace baƙuwa ta zo da nata a yi gasa, ko kuma ke mai gida ki dafa tukunya ɗaya ki raba ta kashi-kashi, kowane kashi ki canza masa abu guda: wannan sukari, wannan zuma, wannan mazarƙwaila, wannan markaɗaɗɗen dabino. Ko ki bar kayan zaƙin iri ɗaya, ki bambanta wanda aka tafasa da wanda aka jiƙa a ruwan sanyi ya kwana, da wanda aka sa wa kanwa. Idan karon farko ne, ki ɗauki ta biyu. Ta fi koyarwa, kuma babu wadda za ta koma gida da ɓacin rai. Sai mutane sun saba da tsarin, sun ga cewa kowa na kuskure, sannan a shigo da gasa.

Zobo 5 ya isa, mutum 6 zuwa 8. In ya wuce haka harshe gajiya yake yi, na shida da na bakwai duk ɗaya za su zame miki. Kowace mutum za a zuba mata kamar mililita 50 a kowane zagaye, wato kusan rubu'in kofin shayi. Zagaye biyu ne, amma na biyu ana yawan ƙari, don haka lita ɗaya da rabi na kowane iri ya wadatar da mutum 8. Tun wajen gayyata ki tambaya: akwai mai ciwon sukari? Mai juna biyu? Mai shan maganin hawan jini? Wadda gyaɗa ba ta karɓe ta ba? Zobo na iya saukar da hawan jini, masu ciki kuma ana yawan ba su shawarar su yi hattara da shi. Wadda ke da uzuri sai a ba ta aikin alƙalanci, ga shi kuwa ana buƙatar mutum biyu da ba za su sha ba.

Idan ke za ki dafa, ma'aunin da nake bi shi ne kimanin giram 50 na busasshen zobo ga lita ɗaya ta ruwa. Ki ɗauraye shi da sauri don yashi ya fita, kada ki bar shi a ruwan wanki, launin da ƙarfin duk a nan za su tsiyaye. Minti 10 zuwa 15 a wuta ya isa. In ya daɗe yana tafasa bauri yake fitarwa. Sukari kuwa ki auna shi da sikeli ko da cokali ɗaya tak, kada ki yi da ka. Giram 80 zuwa 100 a lita shi ne inda yawancin baki ke tsayawa. Coca-Cola tana da kusan giram 106 a lita, sai ki gane inda kike.

Saƙon da za ki tura wa baƙi

A nan ne nake shan gardama. Ranar ba a sa humra, ba a turara kaya, ke ma ba ki kunna turaren wuta a falo ba. Na san nauyin wannan magana, mace ta fita unguwa babu ƙamshi kamar ta fita babu mayafi ne. Amma mafi yawan abin da muke kira ɗanɗano hanci ne ke jin sa. Ki toshe hancinki ki kurɓi zobo mai kanumfari, zaƙi da tsami kawai za ki ji, kanumfarin ya ɓace sai kin saki hancin. Falon da ya sha turare, kofi biyar ɗin nan duk ƙamshin sandal za su yi. Ki ce musu kaskon turare na nan a ajiye, da an gama za a kunna kowa ta turara ta tafi gida da ƙamshinta. Haka kuma ban da goro, cingam, minti da goge baki da makilin awa ɗaya kafin a fara.

In gasa ce, ki ƙara da cewa kowacce ta kawo nata a gorar roba marar tambari, a cikin baƙar leda, ta miƙa a ƙofar kicin. Kuma kada ta gaya wa kowa abin da ta sa a ciki.

Ɓoyewa, wadda ita ce ƙashin bayan abin

Mutum biyu ake so, kuma dalilin yana da muhimmanci. Idan wadda ke miƙa kofi ta san na wane ne, fuskarta za ta faɗa ko bakinta bai faɗa ba. Wani ɗan murmushi, wani "sha wannan ki ji", shi ke nan an gama.

Ta farko za ta shiga kicin ita kaɗai ta rufe ƙofa. Ta juye kowane zobo a jug iri ɗaya, ta manna wa kowane jug harafi da salatif, ta rubuta a takarda harafi kaza na wance ne, ta ninke ta soke a jakarta, ta fita. Ta biyu sai ta shiga, ba ta san na kowa ba. Ta cire haruffan ta maye su da lambobi, ta rubuta a tata takardar harafi kaza ya koma lamba kaza. Yanzu babu mutum ɗaya a gidan da ya san gaskiya sai an haɗa takardun biyu. 'Yan mata biyu masu natsuwa za su iya wannan aiki, kuma suna jin daɗin riƙe sirrin manya.

Lambobin kada su zama 1, 2, 3. Zuciya tana ɗaukar 1 a matsayin na gaba ko ba a ce mata ba. Masu gwajin abinci a kamfanoni lamba uku-uku suke sawa barkatai, irin 482 da 715 da 936, mu ma haka za mu yi. A rubuta lambar a jikin kowane kofi.

Kofunan su zama iri ɗaya sak. Sai ki yanke shawara game da launi. Idan kina so a yi hukunci da baki da hanci kawai, ki nemi kofin da ba a ganin cikinsa sosai, na tangaran mai duhu, ki rage hasken falo. Wannan ya fi zama dole idan akwai mai kanwa a ciki, domin kanwa tana kashe tsamin zobo ta mai da shi baƙi-baƙi, lemon tsami kuma yana ƙara masa ja mai haske, da kallo ɗaya an gane su. Ni a gasa nakan bar gilashi, don kyan launi ma gwaninta ce. A gwajin tukunya ɗaya kuwa ina ɓoye shi.

Sanyi ma sai an daidaita. Duk jug ɗin su shiga firji ɗaya aƙalla awa biyu, in an ɗauke wuta a jera su a baho ɗaya mai ƙanƙara. Kada a jefa ƙanƙara a cikin zobon kansa, tana tsinka shi, kuma ba daidai take narkewa a kowane kofi ba. A fito da su minti 10 kafin a zuba. Sanyi mai ɗaure haƙori yana danne zaƙi da ƙamshi, shi ya sa zobon da bai yi kyau ba yake wucewa a biki idan ya yi ƙanƙara.

Wata dabara da nake so ƙwarai: ki sa ta farko ta raba zobo ɗaya a jug biyu, ya fito da lamba biyu daban, wato zobo huɗu a kofi biyar. Kada kowa ta sani. In aka zo bayyanawa za a ga wadda ta ba ɗaya na ɗaya ta ba ɗan'uwansa na ƙarshe. Babu abin da ke sauke girman kai a wurin kamar wannan, kuma yana sa wadda ta sha kaye ta gane hukuncin ba wahayi ba ne.

Abincin

Nan ne daɗin daren yake, kuma nan ne ya kamata ki ɓata lokacinki. Ba girkin biki za ki yi ba. Abinci uku ƙanana kike so, kowanne ya ja harshe wani ɓangare daban, don a ga yadda zobo ɗaya ke canza hali daga faranti zuwa faranti.

Ki fara da kwaɗon zogale da ƙuli, cokali uku a ɗan faranti. Zogale yana da ɗaci-ɗaci, ƙuli yana da garɗi. Zobon da aka tafasa sosai, mai bauri, in ya haɗu da ɗacin zogale sai baki ya bushe ya ɗaure. Mai abarba ko mai dabino kuwa sai ya lulluɓe ɗacin ya bar garɗin ƙulin a fili. Gishirin kwaɗon ya ji daidai, domin gishiri yana rage ɗaci, in ya yi kaɗan za a ɗora wa zobo laifin da ba nasa ba.

Na biyu shi ne masa da miyar taushe, kuma ina da dalilin zaɓen ta. Yakuwar da muke jefawa a taushe ganyen zobo ce, shuka ɗaya ce, ganyen a tukunya, kan furen a kofi. Tsaminsu ɗan gida ɗaya ne, suna gane juna. Ga kabewa mai zaƙi-zaƙi, ga gyaɗa mai maiƙo, ga masar da ƙullinta ya kwana ya ɗan yi tsami. Wannan faranti zobon da ya daidaita yake so. Wanda sukari ya yi wa yawa, in ya hau kan kabewa, sai abin ya gundure ki tun loma ta uku. Ki rage attaruhu a miyar ranar, ki bar yaji ga faranti na gaba. Daddawa kuwa kada ki hana ta, ita ce ke ba miyar zurfin da zobo zai jingina da shi.

Na uku nama ne mai kitse: balangun rago, ko tsire in kin iya, ko ki gasa haƙarƙari a gida da albasa. A kawo yajin ƙuli a gefe. Abu biyu za su faru a nan, ki sa baƙinki su lura. Na farko, kitse yana shafe baki, tsami da bauri kuma suna wanke shi. Zobon nan mai kaifi da aka yamutsa wa fuska a zagayen farko, a kan balangu sai ya zama shi ake nema, kowace kurɓa tana buɗe wa loma ta gaba hanya. Na biyu, yaji. Sinadarin da ke sa barkono zafi ba ya narkewa a ruwa, maiƙo ne ke ɗauke shi, shi ya sa nono ke kashe raɗaɗi ruwa bai kashe ba. Zobo ba shi da maiƙo, zaƙinsa ne kawai ke ɗan lallashin harshe. Don haka mai zaƙi zai sassauta yajin, mai citta da masoro da yawa kuwa wuta ce a kan wuta. Wasu haka suke so, sai gumi ya keto musu. Ki sa kowacce ta ci yanka ɗaya babu yaji, ɗaya da yaji, ta kurɓa bayan kowanne.

Alkaki, nakiya ko dubulan kada su fito sai an karɓe takardu. Duk abin da ya fi abin sha zaƙi yana tsirara shi: ki gutsuri alkakin da ya sha zuma ki kurɓi zobon da ya zo na ɗaya, za ki ji kamar ruwan tsamiya. Ki bari su gwada don su gani, sannan ki kawo shayi marar sukari sosai a ci alkakin da shi.

Girkin duk a gama shi kafin baƙi su iso, ban da suyar masa. Ita ma a soya a can baya, a rufe ƙofar kicin, kada ƙaurin mai ya cika falo.

Zagaye na farko: zalla, kuma shiru

Lokacin da ya fi yi mini daidai shi ne a taru kafin magariba, a yi salla, a zauna. Kowacce a gabanta akwai kofi biyar, ruwa marar sanyi, gutsuren gurasa zalla, takarda da biro. Gurasa ta fi burodi, don burodinmu akwai sukari. Kokwamba ma tana yi.

Kada kowa ta fara daga kofi ɗaya. Kofin farko yakan samu alfarma saboda baki yana sabo, wanda ya biyo bayan mai zaƙi sosai kuma yakan zama lami. Ki rubuta wa kowacce nata jerin a saman takardarta, wannan ta fara da 482, waccan da 936.

A fara da sansanawa, dukan biyar, kafin a sha ko ɗaya. Sannan a kurɓi kaɗan, a juya shi a baki, a haɗiye, a fitar da numfashi ta hanci. A jira. Abin da ya rage a maƙogwaro bayan haɗiya shi ke raba zobon gwana da na mai zuba kayan ƙamshin kanti: na gwana yana barin ɗumin citta da ƙamshin kanumfari, ɗayan kuwa ya bar wani ɗanɗano kamar na alewa. Sai ruwa da gurasa, a ba shi kamar minti ɗaya, a wuce na gaba.

Doka mafi wuya ita ce shiru. An hana santi. Da mutum ɗaya ta ce "wai, wannan!" to sauran sun bi ta, musamman in babba ce. Minti 15 ne kawai, a daure.

A takarda, gaban kowace lamba, a rubuta kalma biyu ko uku. Hausa ba ta rasa su ba: zaƙi, tsami, ɗaci, bauri, garɗi, yaji, gafi, ƙauri, lami, tsululu, kauri. "Ya yi daɗi" ba amsa ba ce, a faɗi me ya yi. Alƙalan Faris maki 20 suka yi amfani da shi, amma ni na daina ba da maki, domin wata hannunta a sake yake kowa 18, wata kuma ko zobon Aljanna ne 12 za ta ba shi. A jera su kawai: wanda ya fi 1, har zuwa 5. Babu kunnen doki, dole a zaɓa. In gasa ce, a ƙasan takarda kowacce ta rubuta lambar da take zaton nata ne. A karɓe takardu, a tashi a yi isha'i, baki ya huta.

Zagaye na biyu: da abinci

Sabuwar takarda, lambobin nan dai. Yanzu tambayar ta canza. Ba a tambayar wanne ya fi, ana tambayar wanne ya fi dacewa da wannan farantin. Loma, kurɓa, loma. Kowane faranti a rubuta lamba ɗaya da ta fi tafiya da shi, da ɗaya da ta yi faɗa da shi. Da kowa ta rubuta, a saki baki a yi gardama kafin faranti na gaba ya zo. A nan santi halal ne. Sharaɗi ɗaya: ba a cewa "wannan na wance ne", lamba ake kira.

Kada ki cika faranti. Mai ƙoshi ba ta jin bambanci, ga nama yana jira a ƙarshe. Wadda ba ta ƙoshi ba a ƙara mata bayan an gama.

Wasan kofi uku

Yayin da 'yan matan ke lissafi, ga abin da zai riƙe mutane. A cikin kowane taro akwai mai cewa ita ko a mafarki tana bambance zuma da sukari. A ba ta kofi uku, biyu iri ɗaya, ɗaya daban, ta nuna baren. Ko da ka ta faɗa tana da damar dacewa sau 1 cikin 3, saboda haka dacewar mutum ɗaya sau ɗaya ba hujja ba ce. A mutum 8, biyu ko uku za su dace ko babu bambancin komai. Sai 6 sun dace za ki iya bugun ƙirji ki ce bambancin na gaske ne.

Irin wannan gardama ce ta taɓa tashi a kan shayi a cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, wajen shekarun 1920. Wata masaniya, Muriel Bristol, ta ce tana gane ko madara aka fara zubawa a kofi ko shayi. Masanin lissafi Ronald Fisher ya tsara mata kofi 8, huɗu haka huɗu haka, a cakuɗe, ya lissafa cewa damar cin dukansu da sa'a kawai 1 ce cikin 70. Wannan tsari nasa ya shiga littattafan koyar da gwajin kimiyya. Maigida da abokansa na majalisa, masu rantsuwa da mai shayinsu, su ma ga abin gwadawa.

Bayyanawa

A tara matsayin da aka ba kowane zobo a zagayen farko, wato 1 zuwa 5 ɗin nan, mai mafi ƙarancin jimla shi ne na ɗaya. A ƙirga kuma wanda ya ci kowane faranti. Sannan a kira masu takardun sirri su tsaya tare su haɗa.

Ki yi hattara a nan, don mutunci ya fi wasan. In gasa ce, na ɗaya da na biyu kawai ake faɗa a fili, sai gwanar kowane faranti. Na ƙarshe ba a shelanta shi. Mai son sanin matsayinta ta tambaya a gefe. Takardun da aka rubuta "tsululu" da "gafi" kuma ki tattara ki ajiye, kada su yi yawo a hannu. Da yake faranti uku ne, ga kuma zagayen farko, sau da yawa za ki ga kusan kowa ta samu inda ta yi fice, kuma ba alfarma aka yi mata ba. Kyauta in za a yi, ƙarama ta isa: ƙullin kanumfari, ko kwalbar zuma.

Daren da muka yi na gidanmu, sai da na yi sati biyu ina lallashin Gwaggo kafin ta yarda ta kawo nata a gorar roba. A zagayen farko na amarya ne ya zo na ɗaya, na Gwaggo na biyu. A kan balangu kuwa mutum shida cikin bakwai lambar Gwaggo suka rubuta, don nata ne mai kaifin da ya iya da kitsen rago. Da aka buɗe takardar Gwaggo, sai ga shi lambar amarya ta sa a matsayin nata.

Ta daɗe tana kallon takardar. Sannan ta miƙa hannu aka sake zuba mata 715, ta kurɓa a hankali.

"Ke 'yar nan, zo nan. Me kika sa a ciki?"

Amarya ta matso ta durƙusa. "Gwaggo, ɓawon abarba ne na wanke na dafa tare da shi. Sai kanumfari ƙwaya biyar, sai na'a-na'a bayan na sauke."

"Bayan kin sauke?"

"Eh, Gwaggo. In ta tafasa ƙamshin guduwa yake yi."

Gwaggo ta gyaɗa kai, ta jawo ta ta zaunar kusa da ita a kan tabarma, ta fara gaya mata yadda take jiƙa nata tun dare kafin ta ɗora a wuta. Ni kuma na tashi na ɗauko kasko na zuba garwashi, don an yi wa mutane alkawarin turare.